Me ya sa wasu manyan motoci ke da na'urar sanyaya baƙin mai, wasu kuma babu?

Motoci biyu za su iya zama ƙirar kamfani ɗaya, shekara ɗaya, da girman inji ɗaya, amma a tarar ɗaya tana da na'urar sanyaya baƙin mai, ɗayar kuwa ba ta da ita.

Wannan bambanci bai cika damun mai motar da ke zirga-zirga a cikin gari ba. Amma yana da muhimmanci ga direbobin da ke jigilar masara da dawa da waken suya daga ƙauyukan ƙaramar hukumar Sabuwa, a kudancin jihar Katsina, zuwa kasuwar hatsi ta Ɗandume ko zuwa Funtuwa.

Gyaran injin da ya buga kan cinye ribar kaka guda. Bayan haka, Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suna cikin yankunan da suka fi fama da hare-haren 'yan bindiga a jihar, don haka lalacewar mota a daji kan jefa direba da yaransa cikin haɗari.

Aikin baƙin mai a cikin inji

Yawancin masu motoci sun san cewa baƙin mai yana hana ƙarafan inji gugar juna. Sai dai yana da wani aiki na biyu, wato kwashe zafi.

A injin fetur, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin man da aka ƙona ke tura mota. Sauran yakan koma zafi, wanda ke fita ta salansa da kuma lagireto.

Ruwan lagireto yana zagaya bangon inji da kansa, amma ba ya isa ƙarƙashin fistin, ko wuraren da karanshaf ke juyawa. Baƙin mai ne kaɗai ke kai wa can, shi ne kuma ke ɗauko zafin wuraren ya sauko da shi cikin kaskon da ke ƙasan inji.

Baƙin mai ya fi yin aiki yadda ya kamata idan zafinsa yana tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya daɗe sama da digiri 120 zuwa 130, man da aka saba da shi yakan tsinke kamar ruwa, kuma kariyar da yake yi tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta ragu.

Masana harkar mai suna aiki da wata ƙa'ida da ta samo asali daga binciken masanin kimiyyar nan na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, a shekarar 1889: duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar mai yakan kusan ninkawa.

Sanyi ma yana da nasa lahani. Man da bai taɓa kusantar digiri 100 ba ba ya iya korar raɓa da ɗigon fetur da ke gauraya da shi, daga nan sai ya fara yin dasƙari.

Na'urar iri biyu ce

Kanikawa suna kiran wannan na'ura oyil kula, kuma iri biyu ake da su.

Ta farko tana kama da ƙaramin lagireto. Ana ɗaura ta a gaban mota, mai ya bi ta cikinta, iska ta hura ta.

Ta biyu, wadda ta fi yawa a motocin zamani, ƙaramin akwati ne na faifayen ƙarfe da aka jera, yawanci kusa da filtar mai ko a jikin bangon inji. Mai yana bi ta wani gefe, ruwan lagireto yana bi ta ɗaya gefen, ba tare da sun haɗu ba.

Wannan ta biyu tana da ƙarin amfani. Tun da ruwa ya fi mai saurin ɗaukar zafi idan aka tada inji, takan ɗumama man da sanyin safiyar hunturu, sannan ta sanyaya shi idan aiki ya yi nisa.

Motocin da ba sa rabuwa da ita

Kusan duk babbar mota mai amfani da man dizal tana da wannan na'ura, tun daga tirela da tifa har zuwa kanta. Dalilai uku ne suka sa haka.

Na farko, injin dizal yana matse iska sau 15 zuwa 22 kafin ya ƙona mai, alhali injin fetur bai cika wuce sau 8 zuwa 12 ba. Saboda tsananin zafin da fistin ke sha, ana sanya ƙananan bututu da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashinsa, sai man ya kwaso zafin.

Na biyu, yawancin injunan dizal na yanzu suna da tobo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa domin tura ƙarin iska cikin inji. Tobo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin man injin ne ke sanyaya sandarsa.

Na uku shi ne yanayin aiki. Ƙaramar mota takan yi amfani da wani ɓangare kaɗan na ƙarfinta a mafi yawan lokaci, amma tirelar da ta ɗauko hatsi daga Funtuwa zuwa Legas takan shafe sa'o'i tana aiki da kusan dukkan ƙarfinta.

Shi ya sa ake zuba wa injin babbar tirela lita 30 zuwa 40 na baƙin mai, yayin da ƙaramar mota ke shan lita huɗu ko biyar. Duk da wannan yawa, sai an haɗa da na'urar sanyayawa.

Haka abin yake ga motocin Toyota Hilux masu dizal, da injin 1HZ mai lita 4.2 da aka fara sanyawa a Land Cruiser a 1990.

Wasu injunan da ba su da lagireto ma sun dogara da ita. Motar Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, iska ce ke sanyaya injinta, don haka aka sanya mata ƙaramar na'urar sanyaya mai a gaban fankarta.

Masu fetur kuwa, lissafi ne na kamfani

A jif-jif da a-kori-kura masu amfani da fetur ne ake samun bambancin.

Kafin kamfani ya fitar da mota, yakan auna zafin da manta ke kaiwa a irin aikin da yake tsammanin za ta yi. Idan iskar da ke kaɗa kaskon mai ta wadatar, ba ya ƙara na'urar, domin tana ƙara tsada da nauyi, kuma duk wani sabon bututu wuri ne da zai iya yoyo.

Ingantuwar baƙin mai ita ma ta taimaka. Man zamani da ake haɗawa ta hanyar kimiyya yana jure zafin da zai lalata man da.

A Amurka, inda ake sayo da dama daga cikin jif-jif na hannu da ake kira tokumbo, mai sayen sabuwar mota yakan zaɓa ko yana son ta da kayan jan kaya ko a'a. Waɗannan kaya sukan haɗa da ƙugiyar ja a baya, da lagireto mai girma, da na'urar sanyaya man giya, a wasu motocin kuma har da ta baƙin mai.

Wannan ne babban dalilin da ya sa ake samun jif biyu iri ɗaya a wurin dillali a Kano ko Kaduna, amma cikinsu ya bambanta.

Akwai ma ƙa'idar gwaji da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar a 2008, mai lamba J2807, wadda manyan kamfanonin Amurka suka runguma a wajajen 2015.

A ƙarƙashinta, dole mota ta ja nauyin da aka ce tana iya ja, ta hau wata hanya mai hawa, mai nisan kilomita 18, kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ba tare da injin ya yi zafi fiye da kima ba.

Kasuwar da aka ƙera motar dominta ita ma tana da tasiri. Motocin da aka yi wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sukan zo da kayan sanyayawa masu ƙarfi fiye da waɗanda aka yi wa Turai ko Kanada.

Inda lissafin ya saɓa

Motar da aka ƙera domin kai yara makaranta a wata unguwa ta Amurka, idan ta iso Sabuwa takan tarar da wani aikin daban.

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a yankin yakan kusanci digiri 40, wato ya kai ko ya zarce wanda ake gwada motoci da shi a Arizona.

Hanyoyin ƙauyuka da yawa ba su da kwalta. Motar da ke tafiya da giya ta ɗaya ko ta biyu cikin yashi ko taɓo, injinta yana gudu sosai amma iskar da ke shigowa ta gaba kaɗan ce. A irin wannan hali ne baƙin mai ya fi yin zafi.

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka sukan toshe ƙofofin lagireto, da damina kuma laka takan manne a kaskon mai ta hana shi shan iska.

Sai kuma lodi fiye da kima. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin mai da na kayan gyara sun tashi, lamarin da ke tura direbobi ƙara buhuna a kowane sawu da kuma jinkirta juye.

Ita ma tana da matsalolinta

Samun na'urar ba ya nufin an huta.

Iri mai amfani da ruwa tana da ƙananan hanyoyi da ke saurin toshewa ko tsatsa, musamman idan ana zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na musamman.

Idan ta huje daga ciki, mai yakan tsallaka cikin ruwa, domin yayin da inji ke aiki ƙarfin turin mai ya fi na ruwa. Alamar ita ce wani abu mai kauri kamar shayi da madara a bakin lagireto.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan gasket ɗin kan inji, a kwance injin a banza, alhali gwada na'urar ita kaɗai ya fi sauƙi da arha.

Wasu kanikawan kan cire ta ko su toshe hanyarta idan ta lalace. Motar za ta tashi ta yi tafiya, amma a injin dizal mai tobo hakan yana rage wa injin kwana.

Akwai kuma matsalar bututu. A wasu motocin Toyota Sienna da Highlander da Lexus RX350 ƙirar 2007 zuwa 2011, bututun da ke kai mai ga na'urar yana da wani sashe na roba da kan fashe, man ya tsiyaye cikin 'yan mintuna.

Daga baya kamfanin ya tsawaita garanti a kan matsalar a Amurka, ya kuma fitar da bututu na ƙarfe zalla. Tun da waɗannan motoci suna da yawa a Najeriya, har ana haya da Sienna, ya dace mai irinsu ya duba wane bututu ne a tasa.

Yadda ake gane ta

Ba kowane ƙaramin lagireto da ke gaban mota ne na baƙin mai ba. Zai iya zama na na'urar sanyaya ɗaki, ko na man giya, ko na man sitiyari, ko na iskar tobo.

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba gindin filtar mai. Idan akwai ƙaramin akwatin ƙarfe da tiyo biyu na ruwa suka shiga, ko bututu biyu da suka tashi daga wurin zuwa gaban mota, to akwai na'urar.

A manyan injunan dizal kuwa, yawanci tana ɓoye ne a bayan wani murfi a jikin bangon inji.

A ƙara ko a bari?

Jif mai fetur da ke ɗaukar iyali a kan kwalta tsakanin Sabuwa da Katsina ko Zariya ba ta buƙatar ƙari, muddin lagireto da fanka suna lafiya.

Motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi kullum a hanyar burji za ta iya amfana da ita. Amma kafin a kashe kuɗi, ya fi kyau a sanya gejin auna zafin mai a gani ko da gaske yana wuce digiri 120.

Idan an yanke shawarar sanyawa, ana buƙatar wadda ke da makullin da ke buɗewa sai mai ya yi zafi, da bututu masu jure turi, a kuma ƙara yawan man da ake zubawa gwargwadon girmanta. A mota mai giyar otomatik, sau da yawa man giya ne ke fara shan wahala kafin baƙin mai.

Abubuwan da suka fi arha su ne suka fi tsawaita ran inji: baƙin mai na gaskiya mai kaurin da littafin motar ya ambata, yin juye da wuri ga motar da ke aiki cikin ƙura, wanke lagireto bayan kaka, da barin injin mai tobo ya yi minti biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe shi.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha yin gargaɗi game da jabun baƙin mai a kasuwanni. Babu na'urar sanyayawar da za ta ceci injin da aka zuba wa irin wannan mai.