Gayya da Samariya: Waiwaye Kan Aikin Sa Kai a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a karkara ba sai an gaya masa yau ranar gayya ce ba, domin tun da jijjifi ganga za ta tashe shi. Samari za su fito kowa da fartanyarsa ko garmarsa a kafaɗa, su nufi gonar da aka ambata, su jeru kunya kunya, makaɗan noma na biye da su suna zuga wanda ya yi gaba, suna yi wa na baya shaguɓe. Kafin rana ta take tsaka mata sun iso da ƙoren fura, kafin la'asar kuwa gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu an gama da ita. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu a wannan ɗan rubutu shi ne inda wannan al'ada ta samo ƙarfinta, da kuma abin da ya same ta a duk lokacin da masu mulki suka ga ta yi musu kyau suka ce su ma a yi musu.

Da farko dai ya kamata mu gane cewa gayya tana da dokokinta, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Mai gona ba ya tsayawa a bakin kasuwa ya yi shela. Goro zai ɗauka ya je wurin Sarkin Noma ko Sarkin Samari, a tsayar da rana, sa'an nan shi kuma ya ɗauki nauyin ci da sha da ɗan abin da za a sallami makaɗa. Ba a biyan kowa lada. Amma fa wanda ya zo maka yau ya ajiye bashi ne a wuyanka, ranar da ya kira tasa gayyar ba ka da bakin cewa kana da uzuri. Wanda ya saba noƙewa akan ci shi tarar goro, in ya yi taurin kai a ƙaurace wa bikinsa, kuma a ƙauye babu horon da ya fi wannan ciwo. Haka nan ake yi wajen ɗaga jinka, da yaɓen masallaci kafin damina, da yashe rijiyar gari, da haƙa kabari. Akwai kuma gayyar surukai, inda saurayi zai kwashi abokansa su nome gonar uban yarinyar da yake nema, a nan ne ma iyayenta kan gane ko yaron yana da jama'a.

Ƙungiyar samarin da ke ɗaukar wannan nauyi gari ce guda a cikin gari. Sarkin Samari yana da Waziri da Galadima da Alkali, 'yan mata kuma suna da shugabarsu. Samari kan kwaikwayi sarautun fada, daga baya ma har da muƙaman Turawa, rabi wasa rabi gaske, amma a nan ne yaro ke koyon yadda ake tara mutane da yadda ake raba faɗa.

Kada mu yaudari kanmu mu ce komai na wancan zamani zuma ne. Gayya tana son hatsi a rumbu, saboda haka mai hali shi ya fi iya kiran babba, talaka kuwa sau da yawa ƙarfinsa ya fi ƙarewa a gonar wani. Ban da wannan, akwai wani aikin da shi ma ake kira gayya alhali kuwa umurni ne: noman gandun sarki ko na hakimi, da gyaran ganuwa. Tarihin Kano ya nuna an fara ginin ganuwar birnin a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. Muna alfahari da ita, kuma ya dace mu yi, to amma wanda ya ɗauki ƙasa a ka zuwa kan wannan ganuwa ba goro aka kai masa aka roƙe shi ba. Watau tun asali kalmar tana da fuska biyu: wadda tsara ke kiran tsara, da wadda na sama ke kiran na ƙasa.

Zuwan Turawa ya ƙara wa fuska ta biyu nauyi. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Kano a 1911, haka kuma daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos don bukatun yaƙin duniya na biyu, inda sanyi da cuta suka hallaka da yawa. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, har mutane suka riƙa barin garuruwansu suna tsallakowa kudu don gudun aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai da dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar a 1946. Ba mamaki da jam'iyyar NEPU ta kafu a Kano a 1950, noman gandun sarakuna kyauta yana cikin abubuwan da ta fi yaƙa, kuma yana cikin dalilan da suka sa talakan karkara ya saurare ta. A gefe guda kuma kuɗin gyaɗa yana yi wa gayyar gona ɓarna a hankali. Da Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, ta tarar ƙwadago ya zama ruwan dare: mai hali ya gwammace ya biya a yi masa aiki ya huta da bashin zumunci.

Inda tarihin nan ya fi ban sha'awa a ganina shi ne Jamhuriyar Nijar, domin a can ne gwamnati ta ɗauki ƙungiyar samari ɗungurungum ta mai da ita ginshiƙin mulki. A ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani, ƙasa tana tsakiyar fari da yunwa, ga kuma zargin cewa manya sun yi sama da faɗi da abincin agaji. Sojoji suka rushe jam'iyyar da ke mulki, suka jingine tsarin mulki. To amma soja ba zai iya shiga kowace unguwa da kowane ƙauye da kansa ba, dole ya sami wata igiya da za ta haɗa shi da jama'a. Sai aka waiwayi Samariya. Aka farfaɗo da ita, aka tsara ta daki daki tun daga unguwa da ƙauye har zuwa majalisar ƙasa baki ɗaya, aka kuma yaɗa ta har yankunan da ba Hausawa ba.

Gaskiya ita ce Samariya ta yi aiki. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwan makaranta a garuruwan da yara ke karatu a rumfar kara, gwamnati kuma ta turo malami. Sun share tituna, sun gyara hanyoyi da rijiyoyi, sun taimaka wajen rabon abinci. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin ƙasar, ta zama ranar dashen itatuwa tun 1975, kuma su ne ke kan gaba. Mu ɗaliban adabi muna da namu rabon a ciki: gasar matasa ta ƙasa da ake yi shekara shekara ta haifar da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Hausa a Damagaram da Maraɗi da sauran garuruwa, waɗanda ke tsara wasa da baki ba tare da rubutu ba, su fito da matsalar auren dole ko cin hanci ko gudun ƙauye a gaban dubban 'yan kallo. Janet Beik ta yi nazarin waɗannan wasanni a littafin da ta fitar a 1987, kuma abin kunya ne yadda kaɗan daga cikinmu suka san da su.

Sai dai a kula da abin da ya sauya. A da, samari ke zaɓen sarkinsu, su ke kuma tsayar da ranar aiki. Yanzu umurni daga ofis yake saukowa, kuma wanda ya ƙi fita ba tarar goro kaɗai yake tsoro ba. Bayan gina aji sai aka ƙara da jeruwa a rana don tarbar manyan baƙi da tafi da raye-raye. Da aka kafa tsarin da Kountché ya kira al'ummar ci gaba, wanda majalisarsa ta ƙasa ta fara aiki a 1983, Samariya da ƙungiyoyin haɗin kan manoma su ne ƙafafunsa biyu. A lokacin kuwa kuɗin yuraniyom ya fara ja da baya, ga wani farin ya sake aukuwa a 1984, watau bukatar aikin kyauta ta ƙaru daidai lokacin da abin da gwamnati ke iya mayarwa ya ragu. Kountché ya rasu a Nuwamba 1987. Magajinsa Janar Ali Saibou ya mai da tsarin jam'iyyar siyasa, MNSD, a 1989. Da guguwar jam'iyyu da yawa ta taso, aka yi babban taron ƙasa a 1991, sai jama'a suka dubi Samariya a matsayin kayan tsohuwar gwamnati, ta kuma dusashe cikin ɗan lokaci kaɗan. Abin da ya rayu ɗaruruwan shekaru a hannun ƙauyawa bai cika shekara ashirin a hannun hukuma ba.

A Nijeriya ba a taɓa yin tsari irin wannan ba, ko da yake an kusa. Gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, a 1985 kuma ta shigo da tsabtace muhalli, aka riƙa hana zirga-zirga da safiyar Asabar don kowa ya share ƙofar gidansa, soja na tsaye da bulala. Titi ya yi fes, babu musu. Amma abin da ya fi daɗewa shi ne ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni, waɗanda suka yawaita musamman bayan matsin tattalin arziki na 1986, lokacin da jama'a suka fahimci cewa in sun jira hukuma ruwa zai cinye musu gidaje. Su ne ke yashe magudanun ruwa kafin damina, su cike zaizayar ƙasa a maƙabarta, su yi karo-karo a gina Islamiyya ko a sayi taransifoma, su shirya sintirin dare. Na taɓa ganin wata irin wannan ƙungiya a unguwarmu ta shekara goma tana aiki da kwandon tara kuɗi na ranar Juma'a, sai wani ɗan takara ya ba ta kyautar baro da shebur da ɗan kuɗi. Ba a yi wata shida ba aka rabu gida biyu kan wa zai riƙe asusu, daminar bana kuwa ba wanda ya shiga kwata.

Can a Nijar, gurbin da Samariya ta bari wani abu ne ya cike shi wanda ba wanda ya tsara. Tun daga shekarun 1990 samarin Damagaram da Yamai da Maraɗi, yawancinsu marasa aikin yi, suka fara kafa abin da suke kira fada: tabarma da benci a bakin titi, da butar shayi a kan gawayi, da sunan ƙungiya a rubuce a jikin bango. Dattawa na yi musu kallon 'yan zaman kashe wando. Amma fada tana da shugaba da ma'aji, tana da kuɗin mako, in ɗayansu zai yi aure ko suna ko ya kwanta asibiti sauran ne ke ɗaukar nauyi, kuma zamansu har tsakar dare ya sa ɓarawo ba ya sakewa a layinsu. Waɗansu kan fito da tsintsiya da shebur su share unguwa ba tare da kowa ya aike su ba. 'Yan siyasa sun riga sun gano su, in zaɓe ya matso sai ka ga mota ta tsaya a bakin fada an sauke sukari da ganyen shayi.