Kora a Matsayin Makamin Mulkin Mallaka: Daga Sidni zuwa Lakwaja

A watan Janairun 1788 ne jiragen ruwa 11 ƙarƙashin jagorancin Arthur Phillip suka isa gaɓar Ostareliya ɗauke da fursunoni fiye da 700, waɗanda Ingila ta rasa inda za ta kai su tun da Amurka ta ƙwaci 'yancinta ta daina karɓar masu laifi. Daga nan zuwa 1868 an kwashe mutum kusan 162,000, akasarinsu talakawan da aka kama da ƙananan sace-sace, ko da yake akwai 'yan tawayen Ailan a cikinsu. Da guminsu aka sare daji, aka fasa duwatsu, aka kafa birnin Sidni a kan ƙasar da dokar Turawa ta ce ba ta da mai ita, alhali 'yan asalinta sun shafe dubban shekaru suna zaune a kanta, kuma sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan hujja a shari'ar Mabo.

Ɗalibin tarihi a Batsari ko Safana bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba, domin kora, wato raba mutum da mahaifarsa a tsare shi inda ba shi da dangi ko magoya baya, ta yi aiki a ƙasar Hausa ma, sai dai ta wata fuska. A nan Turawa suna bukatar talaka ya zauna a gonarsa ya biya haraji, saboda haka sarakuna suka kora. Sarkin Kano Aliyu Babba da aka kora, a Lakwaja ya rasu a 1926. A Katsina an tuɓe Sarki Abubakar, sannan a 1906 aka tuɓe magajinsa Yero aka kai shi Lakwaja, aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944. Da wannan mataki sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa, dukan ƙasar kuwa, har da Ruma da ƙauyukan bakin dajin Rugu, ta koma bin sarkin da Bature ya zaɓa.

Kuskure ne, saboda haka, a riƙa karantar da korar sarakuna kamar hukuncin laifin da wani sarki ya aikata shi kaɗai. Tsari ne na daula guda, wadda ta kori talakanta don ta mallaki ƙasar wasu, ta kori sarakunan wasu don ta mallaki talakawansu.