Zaɓen 1979: Gwamna Daban, Majalisa Daban

Tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, tana da kujerun majalisar dokoki 99 a zaɓen 1979. NPN ta kwashe 64, PRP ta tashi da 16, sauran suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Amma a zaɓen gwamna, Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN.

Ina aikin masaƙa a Kakuri lokacin. A teburin mai shayi muke jin sakamako, rediyo jingine da gwangwanin madara, auduga duk a gashinmu. Murnar gwamna ta ɗauke mana hankali, ba wanda ya tsaya lissafin kujeru.

Lissafin kuwa shi ya yi aiki. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa, ya yi mulki babu su, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

'Yan Makera da Barnawa, kada ku raina ƙuri'ar ɗan majalisa. Ita ke riƙe da wuyan gwamna.