Likitan da Ya Zauna da Masu Mutuwa a Tamale

Tun dā a ƙasar Dagomba, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, a gida mutum yakan cika. In ciwo ya tsananta sai dangi su taru, wani ya tallafe masa kai, wani ya ɗiga masa ruwa a baki. In rai ya yi halinsa, maƙwabta su haƙa kabari, a yi zaman makoki, masu gaisuwa su yi ta zuwa. Amma wannan gata na mai dangi ne. Bayan da Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar yankin arewa a 1907, gari ya bunƙasa, baƙi suka yi yawa. Kuturu da mai taɓin hankali da baƙon da ba shi da kowa sukan mutu ba mai zama kusa da su.

Abubuwa biyu suka ƙara tsananta lamarin. A 1985 gwamnatin Ghana ta ƙara kuɗin asibiti, har aka kai ga sai mutum ya biya kafin a ba shi magani. A 1986 kuma aka fara samun cutar ƙanjamau a ƙasar, maganin rage ƙarfinta kuwa bai shiga asibitocin gwamnati ba sai 2003. A tsakanin waɗannan shekaru tsoro da kunya suka sa waɗansu iyalai suka guje wa nasu.

A cikin wannan hali ne Allah ya ta da Dokta David Abdulai. An haife shi a Tamale a 1951, cikin talauci mai tsanani. Mahaifinsa kuturu ne, cikin 'ya'ya 11 kuwa shi kaɗai ya rayu. Ya tashi a gidan Musulmi, daga baya ya karɓi baftisma a Ikkilisiyar Katolika. Ya karanta aikin likita a Jami'ar Ghana, ya ƙaro ilimi a Ingila da Ostiriya. Da ya so, da ya zauna a babban birni ya tara dukiya. Sai ya bar aikin gwamnati, ya buɗe asibiti a Gurugu, gefen Tamale, a 1991. Ya sa masa suna Shekhinah, kalmar Ibrananci mai nufin zaman ɗaukakar Allah a tsakiyar mutanensa. A 1999 ya buɗe na biyu a Wamale.

Ba a karɓar ko kwabo a wurin. Ƙauyuka suka gina ɗakunan ƙasa inda majinyatansu za su kwana, masu aikin sa kai suka riƙe sauran hidima, waɗansunsu ma a nan suka warke. Tun daga 1992 ake dafa abinci kowace rana a bi titi-titi a kai wa masu taɓin hankali, har mutanen gari suka riƙa ce masa likitan mahaukata. Amma aikin da ya fi wuya shi ne karɓar waɗanda magani ya riga ya kāsa, musamman masu ƙanjamau da aka kora daga gida. Waɗannan ba warkarwa ake yi musu alkawari ba. Ana ba su ɗaki da abinci, a rage musu zafin ciwo, a kira su da sunansu, har ranar da Ubangiji ya yi kira. Ba a tambayar addinin kowa a bakin ƙofa.

Ba a Tamale kaɗai aka yi wannan tunani ba. A 1952 Uwargida Teresa ta buɗe gidan masu bakin mutuwa a Kalkata ta ƙasar Indiya. A 1967 Cicely Saunders ta kafa gidan St Christopher a Landan, ta koya wa likitoci cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya da na ruhu da na kaɗaici. A 1993 Dokta Anne Merriman ta kai irin wannan aiki Uganda. Dukansu sun gane abu ɗaya: ƙarewar magani ba ƙarewar jinya ba ce.

A 2012 ofishin jakadancin Amurka ya ba Dokta Abdulai lambar yabo ta Martin Luther King. A 2016 aka gano yana da ciwon daji a wuya, wanda ya riga ya yi nisa. Shi da ya raka mutane da yawa zuwa bakin kabari, sai ga shi a kan hanyar. Ya rasu ran 2 ga Oktoba 2016, yana da shekara 65. Kirista da Musulmi suka yi makokinsa tare. Matarsa da masu aikin sa kai ba su bar baƙin ciki ya kashe wutar murhu ba, suka ci gaba da dafa abincin nan suna kai wa mutanensa.

Ba kowace ikkilisiya ce za ta iya gina asibiti ba. Amma zama kusa da mai jinya, da ba shi ruwa, da yin addu'a tare da shi, da komawa gidan gwauruwa bayan masu gaisuwa sun watse, waɗannan ba sa bukatar takardar likita. Duba marasa lafiya yana cikin ayyukan da Almasihu ya ce zai tambaya a kai, a Matiyu sura 25. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su bincika unguwarsu, su san wane ne yake kwance ba mai leƙa shi, tun kafin a ji kuka.