Yadda Ake Gane Lalacewar Ginin Bulo Da Na Dutse

Ba safai bango yake rushewa ba tare da ya fara nuna alama ba. Tsagewa, danshi, ɓarewar filasta da karkacewa su ne abubuwan da injiniyoyi da birkiloli suke dubawa, kuma kowanne yana nuni ne ga wata matsala dabam. Lokacin da ya fi dacewa da wannan duba shi ne ƙarshen damina, bayan ruwa ya gama ratsa ginin, sai kuma tsakiyar rani idan ƙasa ta bushe.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Sirara da suka bazu a fuskar filasta kamar saƙar gizo yawanci daga saurin bushewar siminti suke, ba su taɓa ƙarfin bangon. Wadda ake kula da ita ita ce mai bin layin simintin da ke tsakanin bulo tana hawa kamar matakala, musamman idan ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ko kuma ana ganinta ciki da waje. Irin wannan tana nuna tushen ginin ya motsa. Idan ta fi faɗi a sama, galibi wani gefe ne yake nutsewa. Idan ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyar bangon ce. Tsagar da ta kwanta a jikin katangar da ke tare da tudun ƙasa kuwa alama ce ta nauyin ƙasa da ruwa suna turo ta.

Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta karkasa tsagogi bisa faɗinsu. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba ana iya cike ta cikin sauƙi. Daga 5 zuwa 15 sai birkila ya buɗe wurin ya gyara, wadda ta haura 25 kuwa tana iya tilasta a sake gina ɓangaren. Amma faɗi kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko tsagar tana ƙaruwa. Ana sa alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a riƙa aunawa kowane wata.

A sassan Borno, Gombe da Adamawa, inda ake da baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa ta kuma tsuke idan ta bushe, tsaga takan buɗe da rani ta haɗe da damina. Mai gidan da ya cike ta da siminti bai magance tushen ba zai sake ganinta baɗi. Manyan itatuwa kusa da bango suna ƙara wannan matsala, domin saiwoyinsu suna zuƙe ruwan ƙasar da ke ƙarƙashin tushe.

Ruwa ne ummul haba'isin yawancin sauran lalacewar. Farin gari mai kama da kanwa a jikin bulo gishiri ne da ruwa ya fito da shi daga cikin bangon, ya bar shi a waje bayan ya bushe. Garin kansa ba ya cutarwa sosai, sai dai shaida ce cewa ruwa yana shiga. Idan danshin ya tsaya a ƙasan bango, kimanin mita ɗaya daga daɓe, fenti yana kumbura, to daga ƙasa yake hawowa, sau da yawa saboda babu shimfiɗar hana danshi da magina suke kira DPC, ko an cike ƙasa har ta haura ta. Idan daga sama yake, sai a duba indararo da rufi. Tsatsa a kan linta tana nufin ruwa ya kai ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi. Filastar da ta rabu da bango kuwa tana ba da amo kamar ganga idan aka ƙwanƙwasa ta.

A ginin dutse, irin wanda ake yawan gani a Jos, dutsen ba ya saurin lalacewa. Abin da ke tsakaninsa ne yake zaizayewa. Idan ana iya kankare shi da ƙusa, ko ƙaramin durumi ko ceɗiya ya tsiro a ciki, lokacin gyara ya yi. Tsohon jan bulo da aka gina da farar ƙasa ba ya son siminti mai ƙarfi, domin yana tare danshi a cikin bulon har fuskarsa ta dinga ɓarewa.

Bangon da ya yi ciki ko ya karkata ana gane shi da igiya mai nauyi a ƙarshe, a sako ta daga sama. Idan aka ga haka, ko ƙofofi suka fara cijewa haka kawai, ko tsaga tana ƙaruwa cikin 'yan kwanaki ƙasa tana zubowa daga cikinta, sai a fitar da mutane daga ɗakin, a nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN ya duba kafin a taɓa komai.