Wane Sa'adu Ake Wa Makoki?

A farkon shekarar 1958 Bauchi ta binne Malam Sa'adu Zungur, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Bai kai shekara 45 ba. 'Yancin kan da ya ƙarar da lafiyarsa wajen nema kuwa, sai bayan shekara biyu ya iso.

Tun daga lokacin ba a daina yi masa ta'aziyya ba, amma galibi ta ɗan siyasa ake yi. A ce shi ne sakataren jam'iyyar NCNC a 1948, shi ne ginshiƙin jam'iyyar NEPU, a yi masa addu'a, a shafa fatiha, a watse. Duk gaskiya ne. Sai dai kafin siyasa Sa'adu malami ne, kuma da malanta ya shiga ko'ina. Ɗan gidan malamai ne da ya sha Larabci tun yana yaro, ya ratsa Kwalejin Katsina, ya isa ta Yaba a 1934, ya dawo Arewa yana koyar da ma'aikatan lafiya. Da ciwo ya mayar da shi gida, sai zaurensa ya koma makaranta. Nan wani matashin malamin Midil ta Bauchi, Aminu Kano, ya riƙa zama yana ɗaukar karatun da ba ya cikin manhaja.

Inda masu yabo suka fi yi masa ƙwauro shi ne a waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". Da yawa suna ambaton ta kamar takobin da aka zare wa sarakuna. Wanda ya bi ta baiti-baiti ya san ba haka ba ne. Sa'adu bai nemi a rushe sarauta ba; gyara ya nema, da tsananin kishi, ya kuma nuna wa sarakunan Arewa abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan 1947 don su farga tun da sauran rana. Wannan faɗan malami ne ga ɗalibin da yake tsoron ya lalace. Mai son ya tuna da Sa'adu a matsayin maƙiyin fada dole ya tsallake rabin waƙar, haka ma mai son ya mayar da shi bafade. Abin da ciwo a ga masoya suna rage wa mamaci tsawo don ya shiga rigar da suka ɗinka masa.

Almajirinsa bai yi haka ba. Aminu Kano ya yi makokinsa da alƙalami, ya rubuta tarihin rayuwar malaminsa da Hausa, yadda talaka zai karanta. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da nazarin waƙoƙinsa ta kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, sannan A. M. Yakubu ya tattara rubuce-rubucensa a 1999.

Yau jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa, kuma ya cancanta. Amma waƙar Sa'adu ba don allon bakin ƙofa aka yi ta ba, don a rera ta aka yi. Duk wanda ya taɓa zama a ajin Hausa, malami ya ajiye alli, ya gyara murya, ya ja baitin farko, surutun bayan aji ya mutu, ya san bambancin. Ɗalibin Gaɗau da ke wucewa ƙarƙashin sunan nan kowace safiya ya kamata ya sami littattafan nan uku a sabon bugu, a farashin da aljihunsa zai iya.