Takubba Biyu a Shekara Guda

A shekarar 1954 littattafai biyu suka fito cikin harshen Ingilishi, kowannensu ɗauke da labarin karyayyen takobi da ke jiran a sake ƙera shi. Ɗaya shi ne kashin farko na The Lord of the Rings, na J. R. R. Tolkien, shehin malami a Jami'ar Okusfod. Ɗayan kuwa The Broken Sword, wato Karyayyen Takobi, na wani matashi Ba'amurke mai suna Poul Anderson, wanda a lokacin bai cika shekara talatin ba. Sannu a hankali duniya ta rungumi na Tolkien, na Anderson kuwa ya kwanta a kantuna ba mai taya shi.

An haifi Anderson a 1926 a jihar Pensilbeniya, asalin zuriyarsa daga Arewacin Turai, kuma ya ɗan zauna a Danmak yana yaro. Ilimin fiziks ya karanta a Jami'ar Minesota, ya gama a 1948, kuma da ƙagaggun labaran kimiyya ya yi suna, har ya lashe kyautar Hugo sau bakwai kafin rasuwarsa a 2001. Shi da Tolkien rijiya ɗaya suka ɗebi ruwa, wato tsofaffin hikayoyin Aisilan da waƙoƙin Edda. Sai dai Tolkien ya tace ruwan kafin ya miƙa wa mai karatu, Anderson kuwa ya kawo shi da laka da sanyinsa.

Labarin yana faruwa ne a Ingila, zamanin mayaƙan teku da ake kira Viking. Orm ya hallaka wani gida don ya mallaki gonarsu, tsohuwar da ta tsira ta yi masa baki. Da aka haifa masa ɗa, Imric, wani basaraken aljanu, ya sace jaririn kafin a yi masa baftisma, ya ajiye wani mai kama da shi a shimfiɗar. Wanda ya taso yana jin gargaɗin kakanni cewa kada a bar jariri shi kaɗai don gudun musanyar aljanu ba zai ji baƙunta a nan ba. Ɗan mutum, Skafloc, ya girma cikin aljanu. Ɗan musanya, Valgard, ya girma cikin mutane har ya kashe waɗanda ya ɗauka uba da 'yan'uwa. Skafloc ya ceci Freda daga hannun dodanni, suka ƙaunaci juna, ba su san ciki ɗaya suka fito ba.

Hannun masanin kimiyya ya bayyana a yadda sihirin littafin yake bin doka. Aljanu ba sa iya taɓa baƙin ƙarfe, saboda haka Imric yana da buƙatar ɗan mutum. Ba tausayi ya sa ya rene shi ba, lissafi ne. Takobin ma da sharaɗinsa: duk lokacin da aka zare shi sai ya sha jini, kuma ƙarshenta kan mai riƙe da shi zai juya. Skafloc ya san haka sarai, amma ya je ƙasar ƙattai ya sa maƙerin nan Bolverk ya haɗa shi. A wajen Tolkien gyaran takobi alama ce ta dawowar sarki na gaskiya. A nan kuwa ranar da aka haɗa ƙarfen, ranar aka fara haƙa kabarin jarumin. A ganina wannan ne ya hana littafin kasuwa, kuma shi ne darajarsa: ba ya lallashin kowa, har shi Valgard, mugun labarin, mai karatu kan wayi gari yana jin tausayinsa, domin bai zaɓi yadda aka yi shi ba.

Bayan da littattafan Tolkien suka yi farin jini a Amurka, kamfanin Ballantine ya shiga tono tsofaffin labaran wannan fanni ƙarƙashin editan nan Lin Carter, aka sake buga The Broken Sword a 1971. Sai dai Anderson, wanda ya zama gogaggen marubuci, bai bar shi yadda yake ba. Ya bi shi jimla-jimla yana rage ado, yana sassauta zafin harshe, kamar dattijon da ke gyara wa ƙaninsa rawani. Michael Moorcock, marubucin Ingila da ya amsa cewa baƙin takobin jaruminsa Elric yana da bashin wannan littafi a kansa, ya fito fili ya fifita bugun farko. Ina bayansa a wannan hukunci. Labarin da ke tafe da gudu zuwa halaka harshe mai rawar jiki ya dace da shi, kuma garajen saurayin 1954 wani ɓangare ne na ma'anar littafin, ba aibi ba ne da za a kankare.

Bugun da aka yi wa gyara shi ya riƙe kasuwa kusan shekara talatin. Sai a 2002, shekara guda bayan rasuwar marubucin, kamfanin Gollancz na Landan ya dawo da matanin farko cikin jerin Fantasy Masterworks.